Ranar da Aka Kashe Mijin Yayata a Waya

Ina zaune gindin bedi, wato dogon yaro, a filin makarantar da nake koyarwa cikin garin Tawa, yara sun fita hutun hantsi, sai ga wata abokiyar aikina ta nufo ni da waya a hannu. 'Yar Damagaram ce da aka turo mana aiki, mace mai fara'a, amma ran nan fuskarta ba walwala. Ta gyara mayafi, ta kira ni Mushe kamar yadda ake kiran malamin boko a wajenmu, ta ce, "Mushe, ashe rashi aka yi muku ba ka faɗa mana ba? Allah ya jiƙansa, ya sa ya huta."

Na ce, "Amin. Amma wa?"

"Mijin yayarka mana. Wadda ta zo sunan ɗanka ta kawo mana cuku. Ba ita ce wannan ba?"

Ta miƙo mini wayar. Bidiyo ne gajere. Ya fara da jan faƙo mai tsakuwa irin na ƙasarmu ta Adar, da wani kiɗan Turawa mai kashe jiki. Sai ga yayata a bakin rijiyar garinmu, ba takalmi, ɗaure da wani tsohon zane da na san ba ta taɓa shi sai in za ta yi yaɓen rumbu. Tana jan guga, an rage gudun hoton har ya zama kamar hannunta ya gaza. Daga nan aka matso da fuskar autarta, kwantsa a ido, majina bushe a hanci. Rubutu yana fitowa a ƙasa da Faransanci. Na karanta, na sake karantawa. Wai wannan mata mijinta ya rasu ya bar ta da marayu, ba ta da kowa a duniya, kuma kai mai kallo kana iya cetonta yau in ka taɓa nan ka ba da abin da ya sawwaƙa.

Na ce wa malamar, "Shekaranjiya muka yi magana da shi. Yana Abijan, yana dafa shayinsa."

Ta rufe baki da hannu tana salati. Ta ce ita ma a gurup ɗin malamai mata ta gani, wata ce ta turo daga Yamai, har ta ɗora da cewa a taimaka saboda Allah. Na mayar mata da wayarta. Aka kaɗa ƙararrawa, na shiga aji, na ɗauki alli, na tsaya gaban allo ban san abin da zan rubuta ba.

Garinmu ƙaramin ƙauye ne arewa da Barmu. A wajenmu da zarar an yanke hatsi an cika rumbu, maza sai su kama hanyar bida, wato ci-rani. Wanda ya zauna gida da rani shi ne abin tambaya. Mijin yayata tun kafin aurensu yake zuwa Abijan, yana da teburin shayi da burodi a wata tasha. Da wannan teburin ya gina ɗakuna ya rufe su da kwano, ya sai wa tsohuwarsa saniya, ya sa babbar ɗiyarsu kwaleji, tana zaune gidana a Tawa. Ita kuwa yayata ba macen zama ba ce. Ranar kasuwar Barmu takan sari cuku daga hannun matan Abzinawa ta aiko birni a sayar, tana da awakinta, ita ce kuma shugabar matan garin. Mace ce da ko gidan maƙwabta ba ta shiga sai ta sa kwalli. Ita ta goye ni, ita ta fara kai ni bakin lekol, makarantar boko, tana riƙe da hannuna ina kuka.

Matsalar ruwa kuwa gaskiya ce, ba zan ɓoye ba. Rijiyarmu mai zurfi ce ƙwarai, da bazara ruwanta yakan janye, mata su yi ta jira tun da sassafe, guga ya fito rabinsa laka. Yara na zawo. Dabbobi na rama. Wannan gaskiyar ta isa a nemi taimako da ita. Abin da har yau nake tambaya shi ne, me ya sa ba ta ishe su ba?

Da la'asar wayata ta yi ƙara. Mijin yayata ne. Tsakanina da shi akwai wasa irin na miji da ƙanen mata, kullum da tsokana yake buɗe magana, yana kirana mai cin garin alli. Ran nan ko gaisuwa bai ƙarasa ba.

"Mushe, ka gani?"

"Na gani, Yaya."

"To ni na mutu ban sani ba? Wa ya yi mani wanka? Ina anka bizne ni? Kai da ka yi boko, hwaɗa mani."

Ya ce tun safe 'yan ƙasarmu ke zuwa teburinsa da wayoyinsu. Wasu dariya suke yi, suna cewa marigayi a ba mu shayi. Wannan bai dame shi ba sosai, ya san bakin 'yan bida. Abin da ya soke shi wani dattijo ne na garin da ke kusa da namu, wanda ya kalli bidiyon har ƙarshe, ya ajiye kofin shayi ya ce, ko bai mutu ba, namijin da ya bar iyalinsa cikin wannan tsumma da shi da gawa duk ɗaya ne.

Muryarsa ta karye a nan. Tunda na san shi ban taɓa jin haka ba. Ya ce, "Ina kwana bisa benci don su kwana cikin ɗaki. Rani nawa ban ga ƙuruciyar ɗiyana ba. Sakamakona ke nan?"

Sai bayan 'yan makonni na sami sarari, ran wata Asabar na hau babur na tafi gida. Na iske yayata a tsakar gida tana tsefe wa autarta kai. Ta yi mini sannu da zuwa, ta dama fura ta ajiye, ta jira sai da na sha. Sannan na ce ta ba ni labari.

Ta ce da bazarar da ta wuce wasu mutanen furoje, wato ma'aikatan wata ƙungiyar agaji, suka zo da farar mota, suka sauka ƙofar maigari. Sun ce maganar ruwa ta kawo su, suna son wata mace da za ta yi bayani. Maigari ya aiko a kira ta, don ita ce mai bakin mata. Ta yi wanka, ta ɗauko sabuwar atamfar da mijinta ya aiko da salla, ta sa 'yan kunne, ta fita kamar yadda mutum ke fita tarbar baƙi. Wani saurayi mai riƙe da na'urar hoto ya gaishe ta da ladabi, da Hausarmu ta Adar, ya ce, "Inna, kin yi kyau ƙwarai. Amma muna son a gan ki yadda kike kullum wurin aiki. Ba ki da wani zane na aiki?"

Ta ce masa da wannan ma tana zuwa rijiya. Ya ce a'a, a samo wanda ya fi tsufa. Ta koma ta tono na yaɓen rumbu. A bakin rijiya ya ce ta tuɓe takalmi. Ya ce jakinta da ke jan igiya a kai shi bayan dutse, ta ja da hannu. Autar tana barci lokacin, aka ta da ita, yayata ta ɗebi ruwa za ta wanke mata fuska, ya ce ta bari tukuna, yanzu za a gama.

Na ce, "Yaya, kuma kika yarda?"

Ta dube ni ta ce, "Ruwa anka ce, ƙanena. Mata duka na tsaye suna kallona. In na ƙiya, in motar ga ta juya, wa za a ce ya kore ta?"

Na tambaye ta maganar mutuwar daga ina ta fito. Ta ce ita dai saurayin ya tambaye ta ina mai gida, ta ce ba shi nan, ya tafi, ya daɗe. Iyakar abin da ta faɗa ke nan. A Adar kaf wa bai san ma'anar wannan magana ba?

Sai ta shiga lissafa mini abin da ya biyo baya, ba kuka, murya a dake, tana ci gaba da tsifar kai. Wasu Abzinawa abokan cinikinta sun taso daga rugarsu da sukari da ganyen shayi sun zo gaisuwar mutuwa, surukarta ta gan su ta yanke jiki ta faɗi, don ta zaci su suka fara jin labarin. Da ta farfaɗo aka kira ɗan nata ta ji muryarsa, sai zancen ya juya. Tsohuwar ta ce ba a rubuta abin da ba a faɗa ba, lalle matar ɗanta ce ta kashe shi da bakinta don a ba ta kuɗin Nasara. Tun ran nan ba ta amsa gaisuwarta. A kasuwar Barmu mata na nuna ta da baki, har ta daina zuwa. Kuma wani ɗan kasuwa daga wajen Kalfu ya turo tsohuwa ta bincika ko ta fita takaba.

Nan ne kawai ta ajiye matsefi. Ta ce, "Da aurena. Da mijina da rai."

Ban kwana ba na juyo Tawa, don na san in na zauna zan faɗi abin da bai dace ba a gaban maigari.

Ran Litinin bayan an tashi makaranta na nufi ofishin ƙungiyar. Gida ne mai doguwar katanga, da gardi a ƙofa. Ya ce ina da alƙawari da wani? Na ce masa ni ƙanen matar da kuka mayar bazawara ne. Ya shiga, ya daɗe, ya dawo ya buɗe mini. Ciki sanyi kamar randa. Jikin bango an jera manyan hotuna: wata tsohuwa da ƙwarya wayam, wani yaro da ƙuda a leɓe, wata mata ta yi tagumi. Na tsaya ina kallonsu ina cewa a raina, kowane ɗaya cikinsu yana da dangi a wani ƙauye, kuma ba wanda ya tambaye su.

Saurayin mai hoto shi ya fara fitowa. Ɗan Tawa ne, na ma san unguwarsu. Da na faɗi abin da ya kawo ni sai ya sunkuyar da kai. Ya ce shi hoto kawai ya ɗauka ya tura, da ɗan bayani cewa mijin ba ya nan. Rubutun can babban ofis na ƙasar waje aka yi shi. Shi ma sai a waya ya gani.

Na ce, "Da ka gani me ka yi?"

Ban jira amsarsa ba, na ci gaba.

"Zanen fa? Shi ma daga ƙasar waje aka aiko a ce ta canza? Takalmin fa? Fuskar yarinya fa? Da uwarka ce za ka ce ta tuɓe takalmi ta tsaya kan tsakuwa da tsakar rana?"

Ya ce, "Mushe, wallahi in na tura hoton mace da sabuwar atamfa da 'yan kunne, dawo mini da shi ake yi. An sha yi."

Sai shugaban ofis ya leƙo ya ce mu shiga ciki. Mutum ne mai furfura, mai sanyin magana, ɗan ƙasa kamar ni. Ya sa aka kawo mini ruwa, ban taɓa ba. Ya ba ni haƙuri, ya ce kuskure ne na fassara. Sannan ya jingina da kujera ya fara yi mini karatu. Ya ce zamanin da suke rubuta rahoto su aika wa manyan masu ba da tallafi su jira amsa yana ƙarewa. Manyan sun soma janye hannu. Yanzu kuɗin aiki daga aljihun ƙananan mutane yake fitowa, wata malamar asibiti a can wata ƙasa, wani ɗalibi, wani direba, kowa da wayarsa. Mutumin nan yana zaune cikin jirgin ƙasa yana ture hotuna da babban yatsa, in bai ga abin da ya kama shi cikin ƙiftawar ido ba ya wuce. Ya ce gaba ma abin da za a yi ke nan, ƙungiyar da ba ta iya shi ba za ta rufe ƙofa. Ya ce cikin duk abin da suka taɓa sakawa babu wanda ya ja hankali kamar na yayata, kuma albarkacinsa garinmu zai sami foraj, rijiyar burtsatse mai tanki da famfo.

Na ce, "To a rubuta gaskiya mana. Mace ce mai miji, mai sana'a, garinsu ba ruwa."

Ya ɗan yi murmushi, murmushin da har yau in na tuna sai zuciyata ta tafasa. Ya ce, "Malam, tsakanina da kai, mace mai miji ba ta kawo kuɗi."

Na miƙe tsaye. Na ce masa ashe ba kuskuren fassara ba ne, ciniki ne. Na ce mun san bara a ƙasar nan, amma mai bara da kansa yake zaɓen ya miƙa hannu. Su kuwa sun kama hannun matar da ba ta taɓa roƙon kowa gishiri ba, sun miƙa shi ga duniya, ba ta sani ba. Na ce su cire bidiyon, su kuma rubuta a wurin da suka saka shi cewa sun yi ƙarya, mutumin yana da rai. Muryata ta hau har gardi ya leƙo.

Ya ce cirewa zai nema, amma ba a hannunsa take ba. Gyara kuwa, ya ce in yi tunani, in masu bayarwa suka ji an ce labarin ba daidai ba ne, ba garinmu kaɗai zai rasa ba, har garuruwan da ke layi. Ya ce, "Kana son ka ɗauki alhakinsu?"

Wannan ita ce dabarar da ta fi ƙona mini rai. Su suka yi ɓarnar, amma da ka buɗe baki sai a ɗora maka ƙishirwar mutane a wuya.

Na yi ta sintiri ofishin nan har gardi ya haddace ƙarar babur ɗina. Daga baya suka cire bidiyon daga shafinsu. Gyara ba su rubuta ba har yau. Cirewar ma ba ta yi wani amfani ba, don magana zarar bunu ce. Ya riga ya shiga wayoyin mutane. Wani ya ɗauka ya ɗora masa wa'azi a kan falalar taimakon marayu. Wani ya ɗora lambar wayarsa a ƙasa ya ce ta nan ake aika sadaka, mutumin da ba mu taɓa ji ko gani ba. Ɗiyar yayata da ke gidana ta dawo daga kwaleji wata rana idonta jajir, 'yan ajinsu sun tambaye ta me ya sa ta ɓoye musu cewa ita marainiya ce.

Mijin yayata bai jira faɗuwar damina ba kamar yadda ya saba. Ya bar teburinsa hannun wani ya kamo hanya. Ya sauka gidana da rana, ya rame, ba wasa ba dariya. Washegari ya sa in raka shi kasuwa ya sayi farar shadda, ya kai ɗinki. Ranar kasuwar Barmu ya sa babbar rigar nan, ya zaga kasuwar rumfa rumfa, daga 'yan hatsi har turken dabbobi, yana gaisawa da wanda ya sani da wanda bai sani ba. Ba abin da ya je saye. Ya je ne a gan shi. Ina biye da shi, kunya da takaici sun cika ni, babban mutum yana yawo da kansa yana shaida wa duniya cewa yana numfashi.

Ya zauna da tsohuwarsa ya rantse mata cewa matarsa ba ta faɗi haka ba. Tsohuwar ta saurara, ta ce ta ji. Ta koma amsa gaisuwar yayata, amma a taƙaice, kuma ta daina cin tuwon hannunta. Da ya koma Abijan bayan kaka ya iske wanda ya bar wa teburin ya janye masu sayensa zuwa wani wuri, sai da ya sake farawa kamar baƙo. Sunan marigayi kuwa ya bi shi. Har yau akwai yaran tasha da ba su san shi da wani suna ba.

Foraj ɗin ya zo, wannan ma gaskiya ce, kuma ba zan rage musu ita ba. Manyan motoci suka shigo, aka yi ta haƙa, aka kafa tanki bisa ƙarfe da faranti mai ɗaukar hasken rana. Ruwa ya fito fari tas. Aka sa ranar buɗewa a farkon damina, lokacin maza sun dawo shuka. Na zo daga Tawa, mijin yayata ma yana gida.

An kafa rumfa, an jera kujeru, an yi jawabai da Faransanci ana fassarawa. Yayata ta fito cikin leshi, da lalle a hannu, ta tsaya cikin mata. Bayan an yanke ƙyalle sai na ga saurayin nan mai hoto yana ratsa mutane yana nemanta. Tare da shi akwai wata mata da ta zo daga ofishinsu na Yamai, riƙe da sabon kofi. Na matsa kusa. Mijinta ma ya matso ya tsaya gefenta.

Matar ta ce masu taimako suna ta tambayar labarin yayata, suna son su ga ƙarshen abin. Za ta tara kofin a famfo, ta ba autarta ta sha, ta dubi na'ura ta yi murmushi ta ce ta gode. Shi ke nan.

Saurayin ya dubi mijinta, ya dube ni, ya ce a hankali, "Baba, ko za ka ɗan ja baya kaɗan? Don kada ka fito ciki."

Mijin ya ce, "Don mi?"

Matar Yamai ce ta amsa, ita ba ta san ko shi wane ne ba sai a lokacin, amma ba ta ji nauyi ba. Ta ce, "Ka gane, su can yadda suka san labarin daban ne. In suka ga namiji kusa da ita za su rikice."

Na buɗe baki, amma yayata ta riga ni. Ba ta ɗaga murya ba. Ta karɓi kofin daga hannun matar, ta je famfo ta cika shi, ta dawo ta durƙusa gaban mijinta kamar yadda take yi in ya dawo daga gona, ta miƙa masa. Ya karɓa ya sha. Ta miƙe ta dubi saurayin ta ce, "In za ka ɗauka, ɗauki wanga. Ka rubuta ƙasa cewa mijina ne, shina da rai, kuma shi ya ciyar da ni tun ran da anka kawo ni gidanai. In ba ka iyawa, sauke abin ga daga huskata."

Saurayin ya sauke na'urar. Matar ta ce a yi haƙuri, ba da wata manufa ba ne. Maigari ya taso yana cewa a bar maganar, baƙi ne, alheri suka kawo. Mijin yayata ya mayar musu da kofinsu, ya kama hanyar gida, yayata ta bi bayansa da autarta a hannu. Mata da yawa suka tsinke suka bi su. Wasu suka tsaya, ban kuma ga laifinsu ba.

Bidiyon godiya ya fito bayan 'yan makonni. Wata mata suka samu, suka ɗauke ta ta baya tana cika jarka, ba a ganin fuskarta. Rubutun ya ce ga baiwar Allah nan da kuka ceta, yau ita da marayunta suna shan ruwa mai tsabta.

Garinmu na shan ruwan foraj. Yayata ma da shi take girki, don ƙishirwa ba ta san fushi ba. Akwai masu ce mini in bar zancen haka, ai an samu abin da ake nema, kuma bakin da aka ba ruwa ba ya zagi. Ni ban yarda ba. Ruwa haƙƙinmu ne tun kafin a ƙera waya. Ban ga dalilin da zai sa sai an tuɓe wa mace takalmi, an kashe mata miji, an shiga tsakaninta da surukarta, kafin 'ya'yanta su sha ruwa marar laka ba. Kuma abin da ke ba ni tsoro shi ne mun fara koya. Yanzu a cikin Tawa akwai samari da ke bin gidajen marasa lafiya da waya, su ɗauki tsoho kwance ba riga, su saka da lambar aika kuɗi. Wasu da niyyar alheri, wasu Allah kaɗai ya san inda abin ke shiga. Har a gurup ɗin 'yan garinmu na bida, in aka ce a haɗa hannu a yi wa wane magani, sai ka ji wani ya ce a turo hoto tukuna. Da can kalmar dattijo ɗaya ta isa.

A bara wata ƙungiyar daban ta zo makarantarmu. Ajujuwa biyu a wurinmu na zana ne, ɗaya nawa. Darakta ya kira ni ofis ya ce baƙi za su ɗauki hoton yara don neman tallafin gina aji, in zaɓo waɗanda rigunansu suka fi yagewa in zaunar da su gaba. Na ce masa ajina ba za a shiga ba sai iyayen kowane yaro sun ga abin da za a rubuta sun yarda. Ya ce na cika taurin kai, kuma in ginin ya wuce mu ni na ja. Na ce na ji.

Suka shiga ajin da ke jikin nawa. Zana ce kawai tsakaninmu, duk abin da ake faɗi ina ji. Aka fitar da kujerun ajin waje, aka zaunar da yaran a ƙasa. Yara kuwa da ganin na'ura sai murna, suna ture juna suna ƙyalƙyala dariya. Na ji muryar wani yana cewa da Hausa, "Kai, ku daina dariya. Kowa ya ɓata rai. Ke, sa hannu a kumatu. Yauwa, haka." Aka yi tsit. 'Yan ajina suka juyo suna kallona, suna jira su ji ko zan ce wani abu. Na ce su buɗe littafin lissafi, muka ci gaba da darasi.